Wasiƙar Lauyan Ikko da Gonar Bakin Kanal

A shekarun tamanin ni ne mai karanta wa mutanen unguwarmu wasiƙa, tun ina aji biyu a sakandare. Akwai 'yan ajinmu da suka fi ni Turanci, har da mai iya yi wa malamai gardama da shi, amma ni aka zaɓa saboda ba ni da magana. In na dawo daga makaranta a Kura na jingine kekena, sai dai a same ni a zaure da littafi. Malamin firamaren da yake wannan aiki kafin a yi masa canji zuwa Madobi shi ya miƙa mini. Ya ce abu guda zai gaya mini: abin da na gani a takardar mutum na mai takardar ne, ko ubana ne ya tambaya kada in faɗa.

Ina da tsarina. Nakan fara karantawa a zuci har ƙarshe, sannan in fassara layi bayan layi, ba ƙari ba ragi, in ninke takardar yadda ta zo in mayar wa mai ita. In ana son amsa, sai na fara rubuta ta a wani littafi mai bangon shuɗi, na karanta wa mutum ya ce haka yake nufi, kafin in kwafe ta a farar takarda. Littafin a ƙasan akwatina yake kwana.

Baffa ɗan gwaggon babana ne, wato taubasai suke. Gonakinsu iyaka ɗaya a bakin kanal, tun lokacin da aka haƙa hanyoyin ruwa aka sake yanka wa kowa fili. Ta Baba eka ɗaya da rabi ce, dab da ƙofar ruwa, don haka ita ke fara sha kafin ruwan ya gangara wa na ƙasa. Da ita muke ci rani da damina. Su biyun kuwa ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Baba ya ce masa ɗan mace, bawansa. Baffa ya ce Baba ya fi kowa rowa a ƙasar Kura, wai ko tumatirin da ya ruɓe sai ya ƙirga shi.

Wata rana da la'asar, ana tsakiyar ɗiban tumatir, Baffa ya ja ni bayan rumbu ya zaro ambulan daga aljihu.

"Malam ƙarami, duba mini wannan. Masinjan firamare ya ce daga Ikko take."

Da tafireta aka buga ta, ga jan hatimi a ƙasa. Wani lauya ne ya rubuto. Ya ce wani Bahaushe ɗan kasuwa, mutumin ƙasar Kano, ya rasu a Ikko shekaru da dama da suka wuce, ba a san masa mata ko ɗa ba. Ya bar kuɗi masu yawa a banki, ajiyar tana kwance ba mai taɓawa, kuma in ba magaji ya fito ba gwamnati za ta kwashe. Bincike ya nuna Baffa ɗan'uwansa ne. Abin da ake so shi ne ya aiko da cikakken sunan ɗan'uwan nasa don a gwada da na fayil, da kuma kuɗin takardar rantsuwa a kotu. A ƙarshe aka ja kunnensa kada ya gaya wa kowa, saboda ma'aikatan bankin sun sa ido a kan dukiyar.

Kafin in kai ƙarshe Baffa ya zauna a kan turmi. Yana da ƙane da ya tafi Kurmi fataucin goro tun yana saurayi, aka yi ta samun labarinsa shekara uku, daga nan shiru. A garinmu da wuya ka sami gidan da ba shi da irin wannan mutum, wanda ya yi kudu ko gabas aka daina jin ɗuriyarsa.

"Shi ne," in ji Baffa. "Allah ya jiƙansa. Ashe Ikko ya ƙarasa."

Ya faɗi amsa na rubuta. Ya ba da sunan ƙanen da na mahaifinsu, da shekarar da ya bar gida, har da tabon ƙuna da yake da shi a hannun hagu. Washegari ya kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan, ya wuce gidan waya ya aika kuɗin.

Bayan wata guda amsa ta zo. Lauya ya yi masa albishir cewa komai ya dace da fayil. Ya kawo sunan mamacin, da na mahaifinsa, da shekarar da ya bar gida, ya ce ma likitan da ya duba gawar ya rubuta tabon ƙuna a hannun hagu. Saura harajin gado, wanda ya ninka kuɗin farko. Da na koma ɗaki na buɗe littafina, na bi abin da muka aika da abin da suka dawo da shi, na ga babu ko abu ɗaya da suka sani wanda ba daga bakin Baffa ya fita ba. Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa, don ban saba buɗe baki gaban manya ba.

"Baffa, duk abin da suka ce sun gani a fayil, mu muka rubuta musu."

"Karatu na ce ka yi mini, ba fatawa ba."

Ya biya. Da ta uku ta zo, gab da faɗuwar damina, sai ya sayar da sansa na huɗa, ya gaya wa mutane ciwo ne ya kama shi shi ya sa ya ba mahauta. Ranar ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari.

"Ko da wasa kada wani ya ji. Musamman ubanka. In ya ji, har kabari sai ya raka ni da dariya."

Ta huɗu ta zo ana yankan shinkafa, wai alƙali yana son a gan shi. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya karɓi takardar ya sa a aljihu, ya ce wannan ba sai an ba ta amsa yanzu ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Da kaka, ana shirin sakin ruwa don alkama, Baba ya kira ni ɗakinsa bayan azahar ya ce in saki labule. Ina ganin ambulan ɗin na gane ta. Magana ɗaya ce, hatimi ɗaya, akwatin gidan waya ɗaya, sunan wanda aka aiko wa kawai aka sauya, sai kuɗin da ake nema da ya fi na Baffa na farko nesa ba kusa ba. Na fassara masa kamar yadda na saba.

Baba yana da wa da ya bar gida tun ba a haife ni ba. Ya bar jaririya, aka raine ta a gidanmu, mu muke kiranta Yaya. A lokacin tana aure a Bunkure, da 'ya'ya huɗu da miji marar lafiya.

"Ni ko kwabo ba na so," in ji Baba. "Haƙƙin yarinyar nan ne. In na bari gwamnati ta cinye, me zan ce wa ubanta gobe kiyama?"

Kuɗin hannunsa duk sun tafi a taki da iri. Ya ce zai jinginar da gonar bakin kanal ga wani ɗan kasuwar shinkafa na Kura da ya daɗe yana zawarcinta, in gado ya fito a fanshe ta. Na san yadda jingina take a wajenmu. Wanda ya ba da kuɗi shi zai yi ta noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif, kuma mai gonar da aka raba shi da inda yake samu, ina zai samo na fansa? Na ga gonaki uku a layinmu da suka tafi haka, 'ya'yan masu su suna ƙwadago a cikinsu.

"Ɗauko biro," ya ce.

"Baba, ba zan rubuta ba."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba. Ban taɓa ce masa a'a ba.

"Me ka ce?"

"Wasiƙar nan ta 'yan damfara ce. Ba su san kowa ba. Kai za ka ba su sunan, su dawo maka da shi."

"Aji huɗu ke nan ka fi lauya. In ka gama sai ka fi gwamna. Ka taɓa zuwa Ikko?"

"A'a."

"To a ina ka sani?"

"Akwai abin da ba zan iya faɗa ba."

"Wanda ba zai iya faɗa ba ai shiru yake yi." Ya ninke takardar da kansa. Ya ce akwai masu rubutu a bakin gidan waya na Kura, in kuɗi sun shiga hannu can zai je. An sa ranar jingina Asabar ta sama, saura kwana takwas.

Na yi tunanin in je in faɗa masa komai, magana ce ta minti biyu. Amma na yi wa Baffa alkawari hannuna cikin nasa. Kuma da na ƙara dubawa sai na ga abin ya fi haka ɗaurewa, domin ita ma wasiƙar Baba amana ce, ba ni da ikon kai labarinta wajen Baffa. Mutum biyu, gonakinsu iyaka ɗaya, kullum suna zolayar juna ta kan kunya, kowa da irin takardar ɗan'uwansa a aljihu, ni kaɗai na sani. Na yanke cewa izini zan nema, daga bakin Baffa, kuma ba zan daina nema ba har Asabar.

Washegari bayan sallar asuba na tuƙa keke zuwa gonarsa. Na same shi yana tayar da kunyoyin fangali, shi kaɗai da fartanya, tun da babu sa. Na gaishe shi na tsuguna.

"Baffa, izini nake nema in nuna wa mutum ɗaya wasiƙunka."

"Wane mutum?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ka ji ɗan banzan yaro. Asirina za ka kai wa mutum, shi kuma nasa sunan ka rufe?"

"Shi ma amana ce."

"Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Rana ta biyu na zo da littafina. Na buɗe masa shafin amsar farko na karanta, sannan na tuna masa abin da ke cikin wasiƙa ta biyu, ɗaya bayan ɗaya. Bai daina sara ba har na gama.

"Kana tsammani ban sani ba?" ya ce, bai dube ni ba. "Tun ranar da mahauci ya ja igiyar san nan jikina ya ba ni. Abin da ya tafi ya tafi. Saura mutuncina, shi ma kana so ka kai kasuwa."

"Wani ne zai faɗa inda ka faɗa."

"To ya faɗa. Ni wa ya tare ni?"

Ban ce ni na so in tare shi ba. Na rufe littafin na tafi.

Rana ta uku ban yi magana ba. Na cire rigar makaranta na rataye a kan keke, na ɗauki fartanya ta biyu da ke jingine a bakin kwalbati, na kama kunya daga ɗaya gefen. Muka yi ta aiki har rana ta ɗaga. Da zan tafi na ce, "Baffa, izinin nan." Ya ce, "Babu." Na isa makaranta an gama darasi na farko, aka yi mini bulala shida a bakin ƙofa. Rana ta huɗu ma haka, aiki, tambaya, babu, bulala. Hannuna ya yi kanta, na kasa riƙe biro sosai. A gida Baba ba ya ce mini komai sai aike.

"Kai wane irin maye ne?" in ji Baffa a rana ta biyar. "Yaron da ko sallama sai an kasa kunne ake jinsa. Wa ya koya maka naci?"

Muka ci gaba da sara. Can ya dogara da ƙotar fartanya ya kalli gonarmu ta ƙetaren iyaka.

"Jiya ubanka ya ce in zo shaidar jingina ranar Asabar. Na ce ta wace gona, ya ce ta bakin ƙofa. Na ce lafiya, ya ce wata 'yar buƙata ce." Ya juyo gare ni. "Mutumin da ko taki ba ya karɓa bashi. Shi ne mutum ɗayan naka?"

Na kalli ƙasa.

"Ai shirun nan naka ma tsegumi ne," ya ce. "Je ka makaranta kada su kashe ka da duka."

Bai ce ya yarda ba. Na dawo ranar Alhamis, na dawo ranar Juma'a, amsar ba ta sauya ba, sai dai ya daina zagina.

A wajenmu ba a jingina a zaure. Sai an je gonar, mai bayarwa da mai karɓa da shaidu su taka iyaka kusurwa huɗu, kuma dole maƙwabcin iyaka ya kasance cikin shaidu, don kada gobe a ce an ci masa kunya. Ranar Asabar da hantsi ɗan kasuwar ya iso a babur, da kuɗinsa a ƙunshe cikin jakar fata. Wakilin mai unguwa ya zo. Baba ya ce in taho da takarda da biro, in na ƙi rubuta wasiƙa ai ba zan ƙi rubuta shaida ba. Na taho. A hanya na riga na yanke cewa ita ma ba zan rubuta ba, ko da zai mare ni gaban mutane, amma na san hakan ba zai hana komai ba, wakilin ya iya ajami.

Baffa bai zo ba. Aka jira. Ɗan kasuwar ya zagaya yana duba ƙofar ruwa, yana murza ƙasa a tafin hannu, yana ce wa wakilin bana shinkafa zai zuba mata sau biyu. Baba ya fara cewa ko a fara takawa, wakilin ya ce ba maƙwabci ba shaida. Sai ga Baffa ta kan gaɓar kanal, da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Ɗan mace, sai yanzu?" in ji Baba. "Ko tun da sanka ya kwanta kai ma ƙafarka ta kwanta?"

"San bai yi ciwo ba," in ji Baffa. "Lafiyarsa ƙalau na sayar da shi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan huɗu, sun yi laushi saboda gumi. Ya miƙo mini.

"Malam ƙarami, karanta. Ka ɗaga murya yau. Yadda ka saba, kada ka rage komai."

Ban taɓa karatu gaban mutum fiye da ɗaya ba in ba a aji ba. Na fara da ta farko. Ina kaiwa wajen Bahaushen da ya rasu ba mata ba ɗa, na ga hannun Baba ya tafi aljihunsa ya tsaya a can. Na karanta ta biyu, Baffa ya katse ni ya ce wa mutanen sunan da tabon duk shi ya aika musu, yaron nan ya gaya masa tun a lokacin ya ƙi ji. Na karanta ta uku da ta huɗu. Bayan ta uku Baffa ya faɗi abin da ya sayar.

Baba ya zaro tasa ya ba ni. Na karanta layi uku, wakilin mai unguwa ya ce ya isa haka, ai wannan mun ji ta ɗazu.

Ɗan kasuwar ya rataya jakarsa. "To, Malam, ana yi ko an fasa? Ina da masu jira a injin casa."

Baba ya kalli ƙofar ruwa.

"An fasa, Alhaji. Ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka."

"In wata buƙatar ta taso ka san gidana." Ya tayar da babur ya tafi, wakilin ya bi bayansa a ƙafa.

Muka rage mu uku. Baffa ya karɓi takardunsa ya mayar aljihu.

"To, bismillah, yi dariyar mu ji."

"Tana nan," in ji Baba. "Ba yau ba. Sai na huta tukuna." Ya juyo gare ni. "Kai kuma tun yaushe ka sani?"

"Tun ɗiban tumatir."

"Kana kallo na ɗauko mutum tun daga Kura har cikin gonata."

"Ba ni da izini, Baba."

Bai ce na kyauta ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Ya ce kada wanda ya kai wa Yaya wannan magana a Bunkure, tun da yanzu ba wanda ya san ko ubanta na raye ko ya mutu, kamar dai yadda ba a sani ba a da. Ya yi gaba, muka bi shi.

Labarin ya zaga gari kafin la'asar, ta bakin wakilin. A cikin makon mutum biyu suka zo mini da irin ambulan ɗin, ɗaya bai buɗe ba, ɗayan ya riga ya kai wa masu rubutu na Kura ya biya sau ɗaya. Baffa ya sha tsokana a majalisa har ya yi kwanaki ba ya zama bayan sallar la'asar. Yana amsa gaisuwata da fara'a, amma bai ƙara kawo mini wasiƙa ba. Ko ta ɗansa da ke aikin masaƙa a Kano, Kura yake kai ta a karanta masa.

Ranar Laraba aka saki ruwa. Baba ya tashe ni da asuba ya ce yau ba makaranta, alkama za mu watsa. Muka buɗe wa fangalin farko, na tsaya cikin taɓo har idon sawu ina toshe inda kunya ta ɓalle, shi yana gaba da ƙwaryar iri. Sai da muka kai fangali na shida ya yi mini magana, ya ce in matsa gefe ina taka masa iri.